Milimita Ɗaya Tsakanin Hoto da Hoto: Yadda Ake Karanta Sakamakon Sa Ido Kan Ƙarin Jijiyar Ji

A ɗauka wani malamin sakandare ne, mazaunin ɗaya daga cikin unguwannin da ke gindin Dutsen Kufena, ta wajen Wusasa. Ya daɗe yana lura da cewa in za a yi masa magana ta waya, sai ya mai da ita kunnen dama. A aji kuma, ɗaliban da ke zaune ta hagunsa sai sun maimaita tambaya kafin ya kama. Ga wani ƙugi siriri da ba ya barin kunnen, musamman da dare in gari ya yi tsit. Da ya je asibiti aka gwada jinsa, aka tura shi ɗaukar hoton maganaɗisu, wanda ake rubutawa MRI a takardun asibiti. Hoto ya nuna ƙari a kan jijiyar kunnen hagu, tsawonsa milimita 11. Likita ya tabbatar masa ba ciwon daji ba ne, ya ce ba za a yi tiyata yanzu ba, ya je ya dawo bayan wata shida a sake hoto.

Wata shida suka cika, aka sake. Sabuwar takarda ta ce milimita 12. Daren nan malam bai runtsa ba, domin lissafin da ya yi a zuci mai sauƙi ne: milimita ɗaya a wata shida, biyu a shekara, ashirin a shekara goma. Lissafin daidai ne, amma harsashin da aka ɗora shi a kai yana da rauni. Kafin a ninka milimitar nan, sai an fara tabbatar da cewa akwai ta.

Rami a cikin dutse

Kunnen da ake gani a waje ƙofa ce kawai. Ainihin ma'aikatar ji tana binne a cikin wani ƙashi mai tsananin tauri a gindin ƙoƙon kai, wanda masana ilmin jiki suka raɗa wa suna da Latin mai ma'anar dutse. Wanda ya san yadda Kufena ya yi zaman dirshan a yammacin birnin Zariya ba zai yi mamakin sunan ba. A cikin wannan ƙashi akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa da ke mai da sauti saƙon lantarki, kuma a gefenta akwai wasu bututu uku masu lanƙwasa da ke kula da daidaiton jiki, wato abin da ke hana mutum tangaɗi in yana tafiya.

Saƙonnin waɗannan gaɓoɓi suna zuwa ƙwaƙwalwa ta jijiya ta takwas daga cikin jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa a kowane ɓangaren kai. Jijiyar tana bin wani ɗan rami a cikin ƙashin, tsawonsa kimanin santimita ɗaya, faɗinsa kimanin rabin haka. Ba ita kaɗai ke bin ramin ba. Jijiya ta bakwai, mai motsa fuska, wadda da ita ake murmushi da rufe ido, tana kwance a jikinta. Wannan maƙwabtaka ita ce tushen kusan duk wata shawara da likita zai yanke daga baya.

Kamar yadda ake naɗe wayar lantarki da roba, haka jijiya take da rufi. Ƙwayoyin halittar da ke yin rufin suna ɗauke da sunan Theodor Schwann, Bajamushen da ya taimaka wajen kafa ra'ayin cewa duk mai rai da ƙwayoyin halitta aka gina shi, a 1839. Idan waɗannan ƙwayoyi suka ci gaba da hayayyafa fiye da kima, sai su taru su zama dunƙule, shi ne ƙarin da likitoci ke kira shuwanoma. An saba ce masa ƙarin jijiyar ji, ko da yake galibi daga reshen daidaiton jiki yake tsirowa. Ba ya yaɗuwa zuwa huhu ko hanta kamar ciwon daji. Ɓarnarsa ta matsi ce: yana zaune a wuri ƙunci, yana danne maƙwabta.

Dalilin jira

An fara bayyana irin wannan ƙari a 1777, lokacin da Eduard Sandifort na Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan ya gan shi a jikin gawa. Har farkon ƙarni na 20 ba a gano shi sai ya yi girman ƙwan kaza, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa tiyata a lokacin ba su tashi ba. Harvey Cushing na Amurka, wanda ya wallafa littafi sukutum kan wannan ƙari a 1917, ya rage mace-macen ƙwarai. William House kuma ya shigo da madubin ƙara girma cikin aikin a shekarun 1960. Duk da haka, har yau tiyata tana iya tafiya da sauran jin kunnen, wani lokaci ta bar fuska a karkace.

Abin da ya sauya tunanin likitoci shi ne lissafin ƙasar Denmak, inda tun 1976 ake rubuta kowane mai wannan ƙari a rajista guda. A 1976 ana gano mutum 3 cikin miliyan a shekara, matsakaicin girman ƙarin kuwa milimita 26. Zuwa 2015 adadin ya kai 34 cikin miliyan, girman kuma ya sauko zuwa milimita 7. Babban dalili shi ne na'urorin hoto sun yawaita, sun kuma ƙara kaifin ido, har suna tono ƙananan ƙari waɗanda a da mutum zai tsufa ya mutu da su ba tare da kowa ya sani ba. Da likitocin can suka bi marasa lafiya 552 da hoto bayan hoto, rahoton da suka fitar a 2006 ya nuna cewa kashi 17 cikin ɗari ne kawai na ƙarin da ke cikin rami ya girma har ya leƙo waje, na wanda ya riga ya leƙo kuwa kimanin kashi 29. Sauran sun tsaya cik. Wanda zai girma, galibi yakan nuna halinsa cikin shekaru biyar na farko, ko da yake binciken baya ya sami ƙalilan da suka motsa bayan haka. Akwai ma waɗanda suka ragu da kansu.

Saboda haka jiran da likita ya ɗora wa malamin Kufena magani ne mai tsari da ka'ida. Abin da aka fi yi shi ne hoto na biyu bayan wata shida, sa'an nan sau ɗaya a shekara har kimanin shekaru biyar, daga nan a riƙa buɗe tazara.

Yadda na'ura take gani

Na'urar hoton maganaɗisu ba ta amfani da hasken eksire, kuma wannan babbar fa'ida ce ga wanda za a yi ta ɗauka shekara da shekaru. Tana sa mutum cikin ƙarfin maganaɗisu mai yawa, ta girgiza ƙwayoyin haidirojin da ke cikin ruwan jikinsa da igiyar rediyo, ta saurari amon da suke mayarwa, kwamfuta ta mai da amon hoto. Paul Lauterbur da Peter Mansfield sun sami kyautar Nobel a 2003 saboda wannan aiki. Ana auna ƙarfin na'urar da ma'aunin tesla. Mai tesla 1.5 ta fi maganaɗisun duniya ƙarfi kimanin sau dubu talatin, shi ya sa ake tsananta tambaya kan ƙarfe a jiki ko na'urar bugun zuciya kafin a shiga. Sau da yawa akan yi allurar wani ruwa mai sinadarin gadoliniyam, wanda aka fara amfani da shi a asibitoci a 1988. Ƙarin yana shan ruwan ya yi fari fat. Mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su faɗa wa likita tun kafin a ɗauko allurar. Akwai kuma salon hoto mai siraran yanka da ba ya bukatar allura, inda ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa yake fitowa fari, ƙarin ya fito baƙi a tsakiyarsa, kuma asibitoci da dama da shi suke sa ido.

Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne, na'urar ba ta ɗaukar ƙarin ɗungurungum. Yanka-yanka take yi, kamar mai yanka albasa, kowane yanka da kaurinsa. Wani hoton kaurin yankansa milimita ɗaya ne ko ƙasa da haka, wani uku, wani ma biyar. Daga nan likitan hoto ya zaɓi yankan da ƙarin ya fi faɗi, ya ɗora alama a wannan baki da wancan baki, kwamfuta ta ba shi lamba.

Gwajin da za a iya yi a aji

Malamin kimiyya zai iya nuna wa ɗalibansa matsalar da gauta guda biyu masu kama da juna da wuƙa da rula. A yanka gauta ta farko faifai-faifai masu kauri, ta biyu kuma sirara, a ɗan karkatar da wuƙar. A ba ɗalibai goma su auna faifan da ya fi faɗi, kowa ya rubuta amsarsa a ɓoye. Da wuya a sami amsa guda. Wani ya fara daga bayan fata, wani daga cikinta. Wani ya bi tsawo, wani ya ɗan karkace. A gautar da aka yi wa yanka mai kauri kuwa, mai yiwuwa wuƙar ba ta ma bi ta inda ta fi ƙiba ba.

Duk wannan yana faruwa a ɗakin hoto. Kan mara lafiya ba ya kwanciya daidai inda ya kwanta bara. Haɗiyar yawu ko ɗan motsi na dusashe bakin ƙarin. Ɗigon da ya faɗa kan iyaka, rabinsa ƙari rabinsa ruwa, yakan fito toka-toka, kuma likita ne zai yanke shawarar ko na ciki ne ko na waje. Likitoci biyu ƙwararru na iya auna hoto ɗaya su bambanta da milimita ɗaya ko biyu, har likita ɗaya ma yana iya saɓa wa kansa in aka sake ba shi hoton bayan mako. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan mudun ma kansa yana da kimarsa. Don haka ne aka fi yarda da cewa ba a kiran abu girma sai bambancin ya haura milimita 2. Tsakanin 11 da 12 na malamin nan, abin da ilmi zai iya faɗi da gaskiya shi ne ba a ga canji ba.

Akwai wata hanyar ruɗuwa da ta fi wannan yawa. Ƙarin da ya leƙo daga rami yana da siffar ludayi: mariƙi a cikin ramin ƙashi, kai a waje kusa da ƙwaƙwalwa. Wani likita yakan auna ludayin duka, wani kansa kawai. Taron masana da aka yi a Tokiyo a 2001 ya ba da shawarar a riƙa faɗin girman ɓangaren da ke waje, a ambaci na cikin rami daban, sai dai ba kowa ke bin haka ba. Ƙari ɗaya, ran ɗaya, yana iya zama milimita 9 a wata takarda, 17 a wata, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Tambayar farko da ta kamata a yi in lambobi biyu suka yi hannun riga ita ce: daga ina zuwa ina aka auna?

Masu sha'awar lissafi za su so su dubi batun cika, wato yawan wurin da ƙarin ya mamaye. In aka ɗauke shi a matsayin ƙwallo, cikarsa tana tafiya da faɗinsa ninki uku a kansa. Ƙwallo mai faɗin milimita 10 cikarsa kimanin 524 ce a ma'aunin milimita mai kusurwa uku. In faɗin ya koma 12, cika ta zama 905, ƙaruwar kashi 73 cikin ɗari ke nan. Daga 20 zuwa 22 kuwa, milimita biyun nan dai, ƙaruwar kashi 33 ce kawai. Wannan ya sa manyan cibiyoyi suka koma auna cika kai tsaye, ta hanyar zagaye bakin ƙarin a kowane yanka da tara jimla, suna ɗaukar ƙaruwar kashi 20 a matsayin girma na gaske. Amma a yi hattara. Wanda ya ɗauki 11 da 12 ya jefa cikin wannan lissafi zai sami kashi 30, ya ƙara tayar wa kansa hankali a banza, domin lissafin yana ninka kuskuren awo kamar yadda yake ninka gaskiya.

Na'ura da na'ura

A ƙasashen da aka yi waɗancan bincike, mara lafiya yakan koma na'ura ɗaya shekara bayan shekara, tsofaffin hotunansa kuma suna ajiye a kwamfutar asibiti. A nan lamarin ya sha bamban. Wani ƙidaya da masana suka wallafa a 2018 ya sami na'urorin hoton maganaɗisu 84 a Afirka ta Yamma baki ɗaya, 58 daga ciki a Nijeriya, kuma 45 daga cikin na Nijeriyar masu ƙaramin ƙarfi ne. An ƙara samun sababbi tun daga lokacin, amma har yanzu ba abin mamaki ba ne mazaunin Zariya ya yi hoton farko a gida, na biyu a Kaduna, na uku a Kano ko Abuja, gwargwadon inda ya sami layi da abin da aljihu ya iya. Hoton na'ura mai ƙaramin ƙarfi yakan zo da yanka mai kauri da baki mai hazo. Kwatanta shi da hoton mai tesla 1.5 tamkar auna hatsi ne da mudun kasuwa biyu.

Maganin wannan yana hannun mara lafiya fiye da kowa. Ya yi ƙoƙarin komawa na'ura ɗaya in da hali. Ya karɓi faifan da hotunan suke ciki, ba takardar rahoto kaɗai ba, ya adana shi nesa da zafi da ƙura, ya kwafe shi a wani wuri. Duk ranar sabon hoto ya tafi da tsofaffin duka, ya roƙi a jera su gefe da gefe, mutum ɗaya ya auna. Hoton farko ya fi kowanne daraja. Ƙarin da ke tafiyar hawainiya, milimita ɗaya kowace shekara, zai iya samun shaidar "babu canji" sau huɗu a jere in da na bara kawai ake kwatantawa, alhali ya ƙaru da milimita huɗu tun farawa. Rahoton da bai ambaci ranar hoton da aka kwatanta da shi ba, rabin rahoto ne.

Ban da lamba, likita yana duba inda ƙarin ya kai. Ma'aunin da Wolfgang Koos na Biyana ya tsara yana da matakai huɗu: na farko ƙari yana cikin rami, na biyu ya leƙo bai taɓa tushen ƙwaƙwalwa ba, na uku ya taɓa, na huɗu ya ture ta gefe. Ana kuma duba ko akwai aljihun ruwa a cikinsa, don irin wannan yakan kumbura da sauri ba zato, da kuma ko ruwan ƙwaƙwalwa ya fara taruwa saboda toshewar hanya.

Gani bai kori ji ba

A wannan cuta karin maganar nan ta gani ya kori ji ba ta aiki. Ji yana iya raguwa ƙarin bai motsa ko kaɗan ba, wataƙila saboda matsin da yake yi wa jijiya da hanyoyin jini a cikin rami, ko sinadaran da yake zubarwa cikin ruwan katantanwa. Mutum yana iya karɓar takarda mai cewa komai lafiya, ya fito yana jin kunnensa ya fi bara toshewa, kuma duka biyun gaskiya ne. Don haka gwajin ji yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da hoto. Ana auna ƙaramin sautin da kunne ke kamawa da ma'aunin desibal, ana kuma karanta wa mutum kalmomi a ƙirga nawa ya maimaita daidai. Bisa ka'idar da likitocin kunne na Amurka suka fitar a 1995, kunnen da asararsa ba ta wuce desibal 50 ba, kuma yana gane aƙalla rabin kalmomin, kunne ne mai amfani da ya cancanci a yi fafutukar ceto shi. Ga malamin makaranta, gwajin kalmomin ya fi kowace milimita kusa da rayuwarsa, tunda da shi zai san ko zai ci gaba da jin ɗalibin da ke kujerar baya. Sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999, su ne manyan wuraren da mutanen ƙasar Zazzau suka fi kusa da su don irin wannan kulawa.

In girman ya tabbata

Idan hotuna suka nuna ƙaruwa ta haƙiƙa, musamman mai sauri, ko ƙarin ya fara matsa tushen ƙwaƙwalwa, sai a bar jira. Hanya biyu ce: tiyata, ko ƙona shi da haske mai ƙarfi da ake harbowa daga kusurwoyi masu yawa su haɗu a wuri guda, dabarar da Lars Leksell ya fara gwadawa kan wannan ƙari a Sitokholam a 1969. Hasken ba ya ɓatar da ƙarin, tsayar da shi yake yi, kuma yana da nasa tarkon ga mai karanta hoto: cikin shekara ɗaya zuwa biyu na farko ƙarin yakan kumbura, tsakiyarsa ta yi duhu, kafin ya lafa. Wanda bai san haka ba sai ya ɗauka magani ya ƙi.

Wani gwaji da aka yi a Bergen ta ƙasar Norwe, aka wallafa a 2023, ya raba mutum 100 masu ƙanana da matsakaitan ƙari gida biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu aka haska su nan take, wasu aka sa musu ido. Bayan shekaru huɗu ƙarin rukunin farko ya fi ƙanƙanta, amma ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba a ji ko a jin daɗin rayuwa, kuma fiye da rabin masu jira ba su bukaci komai ba.

Akwai alamomin da ba a jira ranar hoto da su. Ciwon kai mai tsanani da amai, ganin abu biyu-biyu, mutuwar ɓarin fuska ko karkacewarta, tangaɗi mai ƙaruwa, ko toshewar kunne farat ɗaya, duk na zuwa asibiti ne a ranar. Na ƙarshen nan ana iya ceto wani abu daga cikinsa da magani in an zo cikin kwanakin farko. Haka kuma in aka ga ƙarin a kunnuwa biyu, ko a jikin matashi, akan nemi wata cutar gado da ke tasowa daga lahani a kuromosom na 22, wadda aka gano ƙwayar gadonta a 1993. Kimanin kashi 5 cikin ɗari ne na masu ƙarin, kuma sa idonsu ya fi tsanani, yakan ma shafi 'yan'uwa.

Malamin Kufena dai ƙarinsa a kunne ɗaya yake, bai taɓa tushen ƙwaƙwalwa ba. Da ya koma asibiti da faifansa biyu, aka jera hotunan aka ga na farko yankansa milimita uku ne, na biyu milimita ɗaya. Likita ɗaya ya sake auna su a zama guda, bai sami bambancin da ya kai a rubuta ba. Aka gwada kunnen, aka ga gane kalmominsa ya ɗan sauka, aka yi masa maganar na'urar taimakon ji, aka kuma ba shi shawarar ya riƙa tsayuwa a aji ta yadda kunnen dama zai fuskanci ɗalibai. Hoto na uku sai baɗi war haka, a na'urar da ta ɗauki na biyu.